Gudun Yada Ƙanin Wani A Kan Dutsen Buya

Duk wanda ya saba fitowa sallar Asuba ranar Lahadi a unguwar New Bell ta nan Duwala, ba mamaki ya taɓa cin karo da wasu mutane, masu tumbi da marasa tumbi, suna sassarfa a bakin kwalta suna haki, yara na yi musu dariya. To, mu ne. Ba mu da suna, ba mu da shugaba, balle asusu. A cikinmu akwai tela, da mahauci, da masu shago biyu, da wani Alhaji mai sayar da goro wanda ya daɗe da ba hamsin baya, da wani saurayi ɗan acaɓa, wato benskin a bakin mutanen nan, wanda muke ce wa Auta, sai kuma malamin makaranta, mai wannan rubutu. Abin da ya haɗa yawancinmu tun farko ba son wasa ba ne, likita ne: wannan hawan jini, wancan ciwon sukari. Mukan yi kilomita 8 ko 10 mu ƙare a teburin mai shayi, inda sau da yawa mukan mayar da abin da muka ƙona har da riba.

Doka ɗaya tak gare mu. A kowace mararraba na gaba sai ya tsaya, har na ƙarshe ya iso, kana a wuce. Hausawa na kiran tsere mai dogon zango gudun yada ƙanin wani, mu kuwa muka ce namu ba a yada ƙanin kowa. Alhaji ne kullum na ƙarshe, Auta ne kullum na gaba, saboda haka rabin motsa jikin Auta a tsaye yake yinsa, yana tsaki.

Ranar da gari ya washe bayan ruwan sama, in mutum ya hau gadar Wuri ya dubi yamma, yakan hango wani baƙin abu ya tokare sama. Wannan shi ne Dutsen Kamaru, wanda mutanenmu suka fi kira dutsen Buya, da sunan garin da ke gindinsa, wanda ake rubutawa Buea. Tsawonsa ya ɗan haura mita 4,000, kuma babu dutsen da ya kai shi a duk wannan ɓangare na Afirka. Dutse ne mai aman wuta, bai kuwa mutu ba: a 1999 narkakken dutsen da ya amayo ya gangaro har ya datse hanyar mota ta bakin teku a yammacin Limbe, ya sake yi a 2000. Tela ne ya fara nuna shi da yatsa wata safiya ya ce, "Malam, ashe dai za mu mutu ba mu taka abin can ba?" Aka yi dariya. Bayan wata biyu sai muka tarar maganar ta daina zama wasa.

Dalili kuwa shi ne kowa ya san tseren da ake yi a kansa duk shekara, galibi a watan Fabrairu. An fara shi a 1973, kamfanin Guinness ne ya ɗauki nauyinsa shekara da shekaru, daga baya cikin shekarun 1990 aka sake masa suna Tseren Fata Nagari. Ana tashi daga filin wasa na Molyko a cikin gari, a hau har ƙololuwa, a juyo a dawo filin. Tafiyar kusan kilomita 40 ce, amma hawan da ke cikinta ya wuce mita 3,000, kuma gwanayen maza kan gama cikin awa huɗu da rabi ko kusa da haka. Wata baiwar Allah mai suna Sarah Etonge ta cinye na mata har sau bakwai, shi ya sa ake ce mata Sarauniyar Dutse. A 'yan shekarun nan kuma 'yan'uwanmu Fulani na tsaunukan Arewa maso Yamma sun sha zuwa na ɗaya, abin da bai ba mu mamaki ba, don wanda ya tashi yana bin shanu a kan tudu ya riga ya yi rabin horon.

Marato na ƙa'ida kilomita 42 ne da mita 195. Duk tseren da ya zarce wannan wani aji ne daban, kuma akwai masu nemansa takanas cikin sanyi. A Afirka ta Kudu tun 1921 ake tseren Comrades, wajen kilomita 90 tsakanin Durban da Pietermaritzburg, yawanci a watan Yuni, lokacin hunturunsu ke nan, kuma wanda bai iso cikin awa 12 ba an rufe masa ƙofa. A Ingila akwai wani mai suna Spine, kilomita 431 a kan tuddai cikin ƙanƙarar Janairu, wanda a 2019 wata likitar dabbobi, Jasmin Paris, mai jego tana shayarwa, ta riga maza duka ta gama cikin awa 83. Na Buya bai kai marato ba in da awo za a bi, sai dai a ƙafar irinmu aikin yini guda ne cur. Ba tseren muka yi niyyar shiga ba, mun san matsayinmu. Cewa muka yi mu je a watan Janairu, kafin ranar, mu bi turbarsu mu kaɗai, inda ta gudu mu yi gudu, inda ta rarrafe mu rarrafa.

Kafin tafiya malamin makaranta ya yi abin da ya iya. Ya ɗauki takarda a teburin mai shayi ya yi lissafi: duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da digiri 6 da rabi, ke nan in Duwala na 30, kan dutsen na wajen 4, tun ba a sa iska a lissafi ba. Ya kuma ba da labarin abin da ya faru a lardin Gansu na ƙasar Sin ranar 22 ga Mayu, 2021, inda mutum 172 suka shiga tseren kilomita 100 da 'yan singileti da gajeren wando, iska da ruwan ƙanƙara suka rutsa su a kan tudu, 21 suka mutu, cikinsu har da gwanayen ƙasar, wani makiyayi ne ma ya ceci shida a cikin kogo. Mahauci ya ce, "Malam, nan fa ba aji ba ne." Ɗaya daga masu shago ya ce shi haifaffen Ngaundare ne, ba wanda zai koya masa sanyi. Auta kuwa, da aka haifa a Duwala, bai taɓa ganin hunturu ba ko na kwana ɗaya, dariya kawai ya yi.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci muka kama hanya, mu bakwai. Wan Auta ne ya rako shi tasha. Ya ja malamin makaranta gefe ya ce, "Malam, ga amana nan. Innarmu ba ta san da tafiyar nan ba." Ba mu ɓoye muku ba, mu ma iyalanmu ba da son ransu muka fito ba. Tun 2017 yankin masu Turancin Ingilishi ke cikin rikici, kuma a 2023 wasu abubuwa sun fashe a kan hanyar tseren kansa, mutane suka jikkata. Sai da mai masaukinmu na can ya tabbatar mana gari lafiya, ya ce mu zo Juma'a mu koma Lahadi, kana muka yanke shawara.

Tafiyar ba nisa, wajen kilomita 70. Aka haye Wuri, aka ratsa Bonaberi, aka haye kogin Mungo inda Faransanci ke ƙarewa Buroka ya karɓa, aka bi ta gonakin roba da ayaba na Tiko, daga Mutengene mota ta ɗaga kai sama ba ta sake sauke shi ba. Buya gari ne mai titi ɗaya dogo wanda ba ya yin komai sai hawa. Saboda sanyinsa Jamusawa suka mai da shi hedkwatarsu a 1901, gidan gwamnansu na nan har yau. Mai masaukinmu, wani dattijo Bahaushe da ya shekara talatin yana kasuwanci a garin, ya tarbe mu da tuwo, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce a tsawon zamansa bai taɓa wuce gonakin bayan gari ba, bai kuma ga abin da ya yi asara ba.

Dutsen gandun gwamnati ne tun 2009, ba a shiga sai da takarda da ɗan jagora. Namu wani Bakweri ne, siriri, ba ya da yawan magana, yana sanye da takalmin roba irin na shiga wanka, irin wanda 'yan tseren wurin da yawa ke sawa. Da daddare ya zo ya ce kowa ya zazzage jakarsa. Da ya zo kan ta Alhaji sai dariya ta ɓarke, don kuwa akwai bargo mai gashi, da babbar riga, da hular sanyi biyu, da fulas ɗin shayi, da kilishi da dabino kamar mai zuwa Makka ta ƙasa. Tela ya ce, "Alhaji, gudu za mu ko ƙaura?" Ɗan jagora bai yi dariya ba. Abu ɗaya ya faɗa da Buroka, muka fahimta: ƙarfe biyu na rana, ko ina muke, juyowa za mu yi.

Ƙarfe shida, bayan Asuba, muka tashi daga ƙofar filin Molyko. Kwaltar da ke ratsa gari ita kaɗai ta isa ta karya mutum, domin ba ta da miƙe ko na taku ɗari. Duk da haka muka yi ta da sassarfa, don idon jama'a. A wurin da ake kira Upper Farms kwalta ta ƙare, muka shiga gonaki, daga gonaki sai kurmi. A nan gudu ya zama labari. Itatuwa dogaye masu gemun gansakuka, ƙasa baƙa mai santsi, saiwoyi kamar matakala, tsuntsaye na ta kuka ba ka ganinsu. Gumi ya jiƙe mu sharkaf, har wanda ya ce shi ɗan Ngaundare ne ya fara tambayar ina sanyin da Malam ya lissafa.

Akwai zango uku a kan turbar, bukkoki ne na kwano da katako. Na ɗaya yana cikin kurmi, wajen mita 1,850, kuma a nan ne ruwa na ƙarshe, saboda haka kowa ya cika gorarsa. A nan Auta ya ciro rigar sanyinsa daga jaka ya rataye a jikin ƙusa, ya ce nauyi take masa, ya ɗauka a dawowa. Mun gani, dukkanmu. Malamin da ya yi lissafin digiri shi ma ya gani, amma numfashi bai bar shi ya yi gardama ba, ya ce a ransa yaro ne, jininsa da zafi. Wannan laifi namu ne, ba na Auta kaɗai ba.

Kurmin yana ƙarewa ne farat ɗaya, kamar an yanka da wuƙa. Sai ka fito fili, ciyawa an ƙone ta baƙi ƙirin irin na rani, ƙarƙashinta tsohon aman dutse mai kaifi, hawan kuwa kamar bango. In ka waiwaya, ga Buya can ƙasa kamar an watsa gero, bayanta ƙura ta haɗe teku da sama. Akwai wata bishiya guda tilo a sama, wadda 'yan jagora ke kira bishiyar tsafi, don kana ganinta kusa, ka yi ta tafiya ba ta matsowa. Ɗan jagoranmu ya ce a al'adarsu ta Bakweri dutsen na da mai shi, Efasa Moto, rabi mutum rabi dutse, wanda ya yarda ka ci abin da ka samu a kai amma kada ka sauko da shi. Alhaji ya ce shi bai zo ɗaukar komai ba, in ya sauko da gwiwoyinsa ya gode Allah.

Dokarmu ta mararraba a nan ta fara tsinkewa, tun da babu mararraba. Aka ce to, a riƙa jira duk rabin awa. Amma jira a kan dutse ba irin na bakin kwalta ba ne: ka tsaya minti biyar da jiƙaƙƙiyar riga, iska ta ratsa ka har ƙashi. Na gaba suka fara ƙorafi, kuma gaskiyarsu ne ta wani fannin. Ƙarfe ɗaya saura muka isa zango na biyu, wajen mita 2,850, mu biyar da ɗan jagora. Alhaji da mahauci na baya. Kan kowa na sarawa, don daga mita 2,500 iska kan fara yi wa wanda bai saba ba ƙaranci, a ƙololuwa ma abin da huhu ke samu wajen kashi 60 cikin ɗari ne na abin da yake samu a Duwala. Muka yi taimama muka yi salla. Da muka sallame, babu Auta.

Tela ya ce ya ji shi yana cewa in aka biye wa Alhaji ƙarfe biyu za ta yi ba a je ko'ina ba, bari ya taɓo zango na uku ya dawo. Ɗan jagora ya dubi sama, mu ma muka duba. Gajimare ne ke gangarowa, fari fat, da sauri kamar hayaƙin gobara. Cikin minti goma wanda ke gabanka da taku ashirin ba ka ganinsa, ga wani yayyafi siriri da iska ke watsowa a kaikaice. Ɗan jagora ya ce mutum biyu su bi shi, biyu su tsaya su jira Alhaji, da ya iso a kawo jakarsa sama, ko da shi ko ba shi.

Kusan minti arba'in muna hawa muna kiran sunansa, iska na mayar mana da muryarmu. Da ɗan jagora bai san inda mutum kan fake ba, da mun wuce shi, don ya bar turba. A bayan wani dutse muka same shi zaune ya dunƙule, rigar ƙwallonsa ta auduga ta manne masa a jiki, leɓɓansa sun yi toka. Jikinsa na kaɗawa kamar mazari. Muka ce, "Auta, tashi." Ya dube mu ya ce a bar shi, fasinja yake jira. Hannunsa ya kasa riƙe gora. Masu karatu, ku riƙe waɗannan alamu: makyarkyata, harɗewar harshe, tuntuɓe, da maganar da ba kai. Zafin jikin mutum ke nan ya faɗi ƙasa da digiri 35, in kuwa makyarkyatar ta tsaya alhali bai ji ɗumi ba, to abin ya yi muni. Auduga in ta jiƙe ba ta tsare zafi, janye shi take yi.

Muka tuɓe masa rigar, tela ya cire tasa ta sama ya sa masa, muka sa shi tsakiya muka rungume shi ta gaba da baya, muka ba iska baya. Abin da muke da shi ke nan, kuma bai isa ba, don mu ma rawar ɗari muke. Malamin makaranta ba abin da ke masa yawo a ka sai fuskar wan yaron a tasha, da yadda za a shiga gidan a yi wa tsohuwa bayani, ita da ba ta ma san ɗanta ya bar gari ba. Ba mu san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Can sai muka ji tari daga ƙasa, irin tarin da muka sani a kowace mararraba ta New Bell. Alhaji ne, ya ƙi ba kowa jakar, ya hau da ita da kansa, mahauci na tura shi ta baya.

Aka zura wa Auta babbar riga, aka sa masa hula biyu, aka naɗe shi da bargo har ka. Alhaji ya zauna ya jingina shi a ƙirjinsa, yana ba shi shayi mai sukari kaɗan kaɗan da murfin fulas, yana tsinka masa dabino, yana cewa, "Sha, ɗana, sha. Ai ga shi yau ka jira ni ba tsaki." Wajen rabin awa kafin yaron ya dube mu da idon da muka sani, ya tambaya ina muke. Da aka gaya masa sai ya fashe da kuka, mu kuwa muka ce alhamdu lillahi, kukan mai hankali ne.

A nan wata 'yar gardama ta tashi, ba za mu ɓoye ta ba. Hazo ya ɗan yaye, ɗan jagora ya nuna mana wajen da zango na uku yake, a sama da mita 3,700. Mai shagon nan na Ngaundare, wanda ƙafarsa ke da sauran ƙarfi, ya ce tun da yaro ya farfaɗo, a bar mutum biyu su ƙarasa, an kashe kuɗi, an rufe shago kwana biyu, a koma a ce wa mutane me? Ba mu ga laifinsa ba, zuciyar kowa ta raya masa haka. Amma ɗan jagora ɗaya ne, ba ya rabuwa biyu, agogo kuma ya wuce biyu da rabi. Mahauci, wanda bai cika magana ba, ya ce, "Mu bakwai muka fito." Ba wanda ya ƙara cewa uffan. A 2024 wani ɗan tseren Kenya, Charles Kipsang, ya sauko daga wannan dutse har filin Molyko, ya yanke jiki ya faɗi, rai ya yi halinsa, shi da gudu ne sana'arsa.

Saukowa ta fi hawa azaba. Tsakuwar aman dutse na gudu a ƙarƙashin ƙafa, gwiwa na kuka, kowa ya sha ƙasa aƙalla sau uku, tela ma ya yage wandon da shi ya ɗinka. Auta na tsakiya cikin babbar riga, ya tattare ta da hannu biyu kamar ango, kuma duk mita ɗari da muka sauka sai ka ga ya ƙara dawowa cikin hayyacinsa. Magariba ta same mu a zango na ɗaya. Rigar sanyin na nan rataye a ƙusarta, a bushe. Ba wanda ya ce masa komai, shi ma bai ce ba, ya ɗauka ya sa a ƙarƙashin babbar rigar. Kurmin kuwa da fitilar waya muka ratsa shi, a jere, kowa na jin numfashin na bayansa.

Ƙarfe tara saura na dare muka fito kwalta. Mai masaukinmu na tsaye da mota da mutum biyu, har ya fara shirin tara jama'a. Ya ƙirga mu da yatsa, ya sake ƙirgawa, sannan ya ce mu shiga, tuwo ya huce. Kashegari a tasha Auta ya rungumo bargon zai hau mota da shi, Alhaji ya riƙo gefensa ya ce, "A'a, ɗana, babbar rigar na bar maka. Bargon nan na Hajiya ne, ba ta kuwa san na ɗauko ba."